Kafin Ka Jona Suwic Na Biyu: Rabon Shiyya da Haɗa Na'urori a Zangon Ma'adanar Bayanai

Duk wanda ya san Zariya ya san gari ne da ke riƙe da bayanan jama'a masu yawan gaske. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da sakamakon jarrabawar ɗaliban Samaru da na Kongo na shekaru aru-aru. Asibitin koyarwa da ke Shika yana da katunan marasa lafiya daga jihohi da dama. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga rassan bankuna a PZ da Sabon Gari. A da, irin waɗannan bayanai a kan kanta suke kwana cikin fayil. Yanzu kuwa sannu a hankali suna komawa cikin kwamfuta, kuma duk ma'aikatar da bayananta suka yi yawa, wata rana sai ta fuskanci tambayar inda za ta zuba su.

Amsar da manyan ma'aikatu a duniya suka daɗe da zaɓa ita ce tsarin da ake kira SAN, wato zangon sadarwa na musamman da ke haɗa uwayen garke da ma'adanar bayanai. A yau za mu dubi ayyuka biyu da ke hannun mai kula da wannan zango: rabon shiyya, da haɗa suwic da suwic. Dalilin haɗa su a maƙala ɗaya shi ne, daga ranar da aka jona suwic na biyu da na farko, kundin dokokinsu ya zama ɗaya. Kuskuren da aka yi a kan ɗaya, nan take ya isa ga ɗayan.

Mene ne SAN?

Kwamfutar da ke gabanka tana da ma'adanarta a cikinta. Amma a ɗakin uwayen garke, ana ware ma'adanar ne a babban akwati mai ɗauke da faya-fayai masu yawa, sai a yanka shi kashi-kashi, a bai wa kowace uwar garke nata kason. Kowane kaso ana kiransa LUN. Uwar garken da aka bai wa kaso tana kallonsa ne tamkar faifan da ke cikin cikinta, alhali yana can wani akwati, wata ƙila ma a wani gini.

Hanyar da ta fi shahara wajen wannan haɗi ita ce Fibre Channel, wadda ake taƙaitawa da FC. An amince da ƙa'idarta ta farko a Amurka a 1994, kuma saurinta ya riƙa ninkuwa daga gigabit 1 zuwa 2, 4, 8, 16, 32, har 64 a daƙiƙa guda. Kowace uwar garke tana da kati mai suna HBA, daga shi wayar faiba take fita zuwa suwic, daga suwic kuma wata wayar ta tafi ma'adana. Suwic ɗaya ko tarin suwic da aka jona da juna, shi ake kira fabrik. A wannan maƙala za mu kira shi saƙa.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar waɗannan suwic: Brocade, wanda Broadcom ya saye a 2017, da Cisco mai jerin na'urorin MDS 9000. Mafi yawan suwic da za ka gani da tambarin wani kamfanin ma'adana, idan ka shiga manhajarsa, ɗaya daga cikin biyun nan ne.

Yadda na'ura ke gabatar da kanta

Kowace kafa ta katin HBA, da kowace kafa ta ma'adana, tana da suna na dindindin da aka ba ta tun daga masana'anta. Ana kiransa WWPN, tsawonsa bit 64, ana rubuta shi da alamomi 16 da aka raba biyu-biyu, kamar haka: 10:00:00:90:fa:11:22:01. Akwai ɗan'uwansa WWNN, wanda sunan na'urar ne gaba ɗaya. Masu koyo kan rikita su, kuma wanda ake buƙata wajen rabon shiyya shi ne na kafa, wato WWPN.

Da zarar an jona waya, kafar za ta yi wa suwic sallama, abin da ake kira FLOGI. Suwic zai amsa ya ba ta adireshi mai bit 24. Kashi na farko na wannan adireshi lambar gunduma ce, wato lambar shi kansa suwic ɗin. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bayan nan kafar za ta yi rajista a rajistar sunaye da ke cikin suwic, sannan ta tambaya: su wa da wa ke nan da zan iya magana da su?

Idan babu rabon shiyya kuma an bar ƙofa a buɗe, rajistar za ta lissafo mata kowa da kowa. A nan matsala take farawa. Uwar garken da ta ga faifan da ba nata ba tana iya ɗaukarsa sabo, ta nemi a share shi a shirya shi don amfani. Ma'aikaci ya latsa amincewa, shi ke nan rumbun bayanan wani sashe ya tafi. Ban da haka, duk lokacin da wata na'ura ta shigo ko ta fita, saƙa tana aika sanarwar sauyi mai suna RSCN. In babu shiyya, sanarwar kan isa ga na'urorin da abin bai shafa ba, su dakata su sake tambayar rajista, aiki ya riƙa tsaiko.

Rabon shiyya

Rabon shiyya, wanda ma'aikata ke kira zonin, shi ne rubuta wa saƙa jerin wanda aka yarda ya yi magana da wa. Shiyya ƙaramin rukuni ne na kafofi. Waɗanda ke cikin shiyya ɗaya suna ganin juna, waɗanda ba sa ciki ba su san ma akwai su ba. Kafa ɗaya tana iya shiga shiyyoyi da yawa. Ana tattara shiyyoyin a kundi, kuma kundi ɗaya tak ke aiki a saƙa a kowane lokaci.

Mutanen cikin birni ba za su sha wahalar gane wannan ba. Ganuwar Zazzau an yi ta ne don kada a shigo gari sai ta ƙofa, ko Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Kibo, ko sauransu, kuma ƙofa tana da mai tsaronta. To amma shiga gari bai ba baƙo izinin faɗawa kowane gida ba. Ko ya isa gidan, a zaure zai tsaya, mai gida ne zai ce ga ɗakin da za a sauke shi. Rabon shiyya shi ne aikin ƙofa, kuma a suwic ake yinsa. Zaɓen ɗaki kuwa a ma'adana ake yinsa, inda ake rubuta cewa kaso kaza na uwar garke kaza ne, sauran a ɓoye mata su. Matakan biyu ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya aiki.

Hanyoyi biyu ake bi wajen sa mamba a shiyya. Ta farko ita ce da sunan WWPN. Amfaninta shi ne ko an cire waya daga wannan rami an mayar da ita wancan, shiyyar tana nan. Amma idan katin HBA ya lalace aka sa sabo, dole a gyara kundi domin suna ya canza. Ta biyu ita ce da lambar gunduma da lambar ramin suwic. A nan duk abin da aka jona a ramin ya shiga shiyya, ko da na'urar da ba a nufa ba ce, kuma ranar da lambar gunduma ta canza, shiyyar ta rushe. Shi ya sa mafi yawan ma'aikata suka fi son ta farko.

Akwai kuma bambanci tsakanin ɓoyewa da hanawa. A tsohon tsari, rajistar sunaye ce kawai ke ƙin faɗin adireshin, amma na'urar da ta riga ta san shi tana iya aika saƙo ya wuce. Suwic na zamani kuwa suna duba kowane ƙunshin saƙo a bakin kafa, wanda ba shi da izini su yar da shi.

Ƙa'idar da aka fi bi wajen tsara shiyya ita ce mai kira ɗaya a kowace shiyya. Mai kira shi ne kafar uwar garke, mai amsa kuma kafar ma'adana. Kada a tara uwayen garke biyu a shiyya ɗaya, domin babu abin da ya haɗa su, kuma rikicin ɗaya zai taɓa ɗayar. Idan na'urori sun yi yawa har shiyyoyi suka kai ɗaruruwa, kamfanonin biyu suna da tsarin da ke ba da damar zuba mambobi da yawa a rukuni ɗaya, suwic da kansa ya hana masu kira ganin juna.

Yadda ake rubutawa

Mu ɗauka wata ma'aikata ce a cikin birni, tana da uwar garke ta sashen rajista da ma'adana guda. A suwic na Brocade, ana fara duba waɗanda suka yi rajista da umarnin switchshow da nsshow, sannan a ba kowace kafa laƙabi don kada a riƙa fama da dogayen lambobi:

alicreate "rajista_A", "10:00:00:90:fa:11:22:01"
alicreate "maadana_A", "50:00:00:00:aa:bb:cc:01"
zonecreate "z_rajista_maadana_A", "rajista_A; maadana_A"
cfgcreate "kundi_A", "z_rajista_maadana_A"
cfgsave
cfgenable "kundi_A"

Idan kundin yana nan tun da, cfgadd ake amfani da shi a ƙara sabuwar shiyya. A lura da layuka biyu na ƙarshe. Umarnin cfgsave ajiyewa kawai yake yi, ba ya fara aiki da gyaran. Sai an ba da cfgenable sannan saƙa ta ɗauka.

A suwic na Cisco, ana yin komai ne a cikin VSAN, wato saƙa ta ƙirƙira da ake yankawa a cikin suwic ɗaya:

zone name z_rajista_maadana_A vsan 10
member pwwn 10:00:00:90:fa:11:22:01
member pwwn 50:00:00:00:aa:bb:cc:01
zoneset name kundi_A vsan 10
member z_rajista_maadana_A
zoneset activate name kundi_A vsan 10
copy running-config startup-config

Layin ƙarshe shi ne ke ajiye saitin don kada ya ɓace idan suwic ya mutu ya tashi. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, mantawa da shi ba ƙaramin ganganci ba ne.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne hukuncin na'urar da ba ta cikin kowace shiyya, ko lokacin da babu kundin da ke aiki. Suwic na Cisco yana fitowa ne da hanawa. Na Brocade yana fitowa da buɗewa, sai an rufe da defzone --noaccess a kuma ajiye.

Ranar da suwic na biyu ya iso

Ma'aikatar nan tamu ta bunƙasa. Ramukan suwic sun cika, ko kuma an buɗe reshe a Tudun Wada ana son uwayen garken can su samu ma'adanar cikin birni. Sai a sayo suwic na biyu a ja waya tsakaninsu. Wannan waya ita ake kira ISL, mu kira ta gada. Kafar da ke fuskantar uwar garke ko ma'adana sunanta F_Port, wadda ke fuskantar wani suwic kuma E_Port.

Cikin 'yan daƙiƙu bayan jona gada, abubuwa huɗu ke faruwa. Da farko suwic biyun za su gwada saitinsu na asali, ciki har da ma'aunan lokaci guda biyu, R_A_TOV mai daƙiƙa 10 da E_D_TOV mai daƙiƙa 2 a yadda suke fitowa daga masana'anta. In wani ya taɓa canza su a gefe ɗaya, gada ba za ta tashi ba. Na biyu, za su zaɓi jagora: wanda aka ba lambar fifiko mafi ƙanƙanta, in sun yi kunnen doki kuma wanda sunansa na WWN ya fi ƙanƙanta. Na uku, jagoran zai tabbatar kowane suwic yana da lambar gunduma tasa shi kaɗai, daga 1 zuwa 239. Na huɗu, za su gwada kundin shiyyoyinsu su nemi haɗe su. Daga nan tsarin FSPF ya lissafa hanya mafi sauƙi tsakanin kowace gunduma da 'yar'uwarta.

Matsalar lambar gunduma ita ce ta fi saurin bayyana. Suwic na Brocade da lamba 1 yake fitowa. Idan tsohon yana kan 1, sabon ma an kunna shi ya zauna a kan 1, sannan aka jona su, za su ƙi juna. Maganin shi ne a ba sabon lambarsa tun kafin a kawo waya kusa, a kuma kafe lambar kowane suwic yadda ba za ta sauya ba bayan ɗaukewar wuta. Canza lambar suwic da ke aiki yana buƙatar dakatar da shi, kuma adireshin duk na'urorin da ke jikinsa zai canza. Don haka sabon ake gyarawa, a bar tsohon yadda yake.

Haɗuwar kundi kuwa tana da fuska uku. Idan sabon suwic babu komai a cikinsa, zai kwafi kundin tsohon, aiki ya ci gaba. Idan kowanne yana da nasa amma ba su yi karo ba, za a haɗe su, abin da ke nufin tarkacen shiyyoyin sabon sun shigo saƙarka. Idan kuwa sun yi karo, misali shiyya mai suna ɗaya amma mambobi daban, ko kuma a Brocade kundin da ke aiki a gefe biyun ya bambanta, to gada za ta ware. Fitilar kafar za ta riƙa ƙiftawa kore a hankali, switchshow ya nuna kalmar segmented, a Cisco kuma isolated. Saɓani a hukuncin buɗewa da hanawa da muka ambata shi ma yana iya hana haɗuwa.

Warewar gada kariya ce. Saƙa ta ƙi karɓar dokar da ba ta gane ba, kuma uwayen garken da ke aiki ba su ji komai ba. Ɓarnar takan zo ne daga gaggawar gyara.

Hattara da suwic na hannu

Tsadar kayan nan ta sa ma'aikatu da yawa ke sayen suwic na hannu da aka shigo da su daga waje. Irin wannan suwic sau da yawa yakan iso da kundin tsohon mai shi a ciki, da lambar gundumarsa, da kalmar sirrinsa. Wajibi ne a wanke shi, kuma a Brocade ana yin haka da cfgdisable, da cfgclear, da cfgsave.

To ga inda haɗarin yake. Waɗannan umarni ba a kan suwic ɗaya suke tsayawa ba, saƙa gaba ɗaya suke shafa. Idan an ba da su bayan gada ta tashi, ko kuma ma'aikaci yana da taga biyu a allonsa ya rubuta a ta tsohon suwic bisa kuskure, kundin ma'aikata ne ya tafi. In hukuncin saƙar hanawa ne, duk uwayen garke za su rasa faya-fayansu a lokaci guda: rajista ta tsaya, ɗakin magani ya tsaya, mai karɓar kuɗi ya tsaya. In kuma buɗewa ne, kowa zai ga kowa, sai abin da ɓoyon ma'adana ya tare. Saboda haka a wanke sabon suwic yana shi kaɗai a kan tebur, babu wayar faiba ko ɗaya a jikinsa.

Cisco ma yana da nasa tarkon. A tsarinsa na asali, kundin da ke aiki ne kawai ke yaɗuwa zuwa sauran suwic, amma cikakken kundin da ake gyarawa yana zaune a inda aka rubuta shi. Wanda ya je suwic na biyu, mai tsohon kwafi, ya ƙara shiyya ɗaya ya kunna, zai iya goge shiyyoyin da aka ƙara daga suwic na farko. Ana kauce wa wannan da zoneset distribute full, ko a koma ingantaccen tsarin da ke kulle kundi har sai mai gyara ya gama. Mafi sauƙi kuma, a tsayar da suwic ɗaya a ce daga nan kaɗai ake gyara.

Haɗa Brocade da Cisco kai-tsaye da gada abu ne mai wahalar sha'ani. Inda ya zama dole, akan juya ƙaramin suwic ya daina zama suwic, ya zama mashiga kawai. Brocade na kiran wannan Access Gateway, Cisco na kiransa NPV. A wannan yanayi ba ya cin lambar gunduma, ba ya riƙe kundi.

Faɗin gada da nisanta

Gada ta tashi, amma za ta ɗauki kayan? A ce uwayen garke 20 ne a sabon suwic, kowacce da kafa mai gigabit 16, ma'adana kuma tana tsohon suwic, gada biyu ce tsakani masu gigabit 16. Ke nan 320 ke neman wucewa ta hanyar da ke ɗaukar 32, wato goma a kan ɗaya. Da rana wata ƙila ba a ji ba, domin ba duka ke aiki tare ba. Da dare, lokacin da ake kwafe bayanai don ajiya, a nan cunkoso ke bayyana. Dabara ta farko ita ce a sa uwar garke mai yawan aiki a suwic ɗaya da ma'adanarta, kada ta haye gada sam. Ta biyu ita ce a ɗaure gadoji su zama dami ɗaya. Brocade yana ɗaure har 8, da sharaɗin lasisi da kuma ramukan su kasance a rukuni ɗaya. Cisco yana ɗaure har 16. Gada ɗaya tilo kuwa ba a yarda da ita ba ko da aikin kaɗan ne.

Nisa ma yana da lissafinsa. Wayar faiba ta cikin ɗaki, nau'in OM4, iyakarta mita 125 a gigabit 16. Tsakanin gini da gini sai siririyar faiba mai hanyar haske ɗaya, tare da ƙwayar SFP ta dogon zango, wadda galibi ke kai kilomita 10. Fiye da haka sai ƙwaya ta musamman.

Bayan waya akwai maganar kiredit. A FC, suwic ba ya aika ƙunshi sai yana da tabbacin ɗayan gefen yana da wurin ajiye shi. Kowane ƙunshi da ya tafi yana cin kiredit ɗaya, ba ya dawowa sai an amsa. Haske yana cin kimanin miliyoniya biyar na daƙiƙa kafin ya yi kilomita ɗaya a cikin faiba, don haka gada mai tsawo tana buƙatar kiredit mai yawa kafin ta cika. A ƙiyasi, gigabit 8 na son kiredit 4 a kowace kilomita, gigabit 16 na son 8, idan ƙunshin cikakke ne mai bayit 2,112 na kaya. Ma'aikatar da ke son haɗa ɗakinta na cikin birni da wani a wajen Samaru, mu ce tsawon wayar kilomita 15, tana buƙatar kimanin 120 a gigabit 16, ko fiye in ƙunshin ƙanana ne. Idan ba a ƙara ba, fitila kore ce, komai lafiya a ido, amma saurin kaɗan ne daga abin da aka biya.

Sai ƙura. Zuciyar siririyar faiba maikiron 9 ce kacal, ta cikin ɗaki kuma 50. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu ta isa ta dusashe hasken idan ta hau bakin waya. Alamarta ita ce kurakuran CRC da ke ƙaruwa a porterrshow. A bar murfin roba a kan duk ramin da ba a amfani da shi, a goge bakin waya da abin gogewa na musamman kafin a jona, kuma kada a hura da baki.

Saƙa biyu da ba sa gaisawa

Tunda duk suwic da aka jona kundi ɗaya suke ci, ƙara suwic ba ya kare ma'aikata daga kuskuren ɗan Adam. Abin da ke karewa shi ne a gina saƙa biyu, A da B, waɗanda babu waya ko ɗaya tsakaninsu. Kowace uwar garke tana da kafa ɗaya a A, ɗaya a B. Haka ma ma'adana. Manhajar da ke cikin uwar garke tana ganin hanyoyin biyu, in ɗaya ta yanke ta koma ɗayar ba tare da mai amfani ya sani ba.

Wannan ne ya sa ma'aikatar da ke da suwic biyu kacal bai kamata ta jona su da juna ba. Ɗaya ya zama A, ɗaya ya zama B. Gada tana shigowa ne idan an kai huɗu: A na cikin birni da A na reshe, B da B. Kowace saƙa da layin wutarta da batirinta, kuma idan za a binne faiba tsakanin gini biyu, kada a zuba duka a rami ɗaya, domin mai haƙar kwalbati da ya sari ɗaya ya sari duka. Wajen gyara kuwa, a taɓa A yau, a tabbatar kowace uwar garke ta dawo da hanyoyinta, sannan a taɓa B.

Abin da ke kan mai kula

Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da Dokar Kare Bayanai, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su daga ɓacewa da kuma faɗawa hannun da bai dace ba. Ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar NDPC idan an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Shiyyar da aka rubuta ba daidai ba tana iya jawo ɗaya daga cikin biyun.

Ba kowace ma'aikata ce ke buƙatar FC ba. Ƙaramin asibiti ko makaranta mai uwar garke biyu ko uku, tsarin iSCSI da ke bi ta wayar sadarwa ta yau da kullum ya ishe su, kuma ya fi arha. Amma ga matasan Zariya da ke koyon harkar sadarwar kwamfuta, a jami'a ko a cibiyoyin horo na gari, wannan fanni ne da bankuna da kamfanonin waya da cibiyoyin adana bayanai irin na Galaxy Backbone a Abuja da Kano ke aiki da irinsa, kuma ya cancanci a ba shi lokaci.

Ga wanda aikin jona suwic ke gabansa, ga jerin da ya kamata ya bi. Ya ɗauki kwafin saitin tsohon suwic da configupload ko makamancinsa, ya ajiye a wajen suwic ɗin. Ya wanke sabon yana shi kaɗai. Ya daidaita zubin manhajarsu, da ma'aunan lokaci, da hukuncin buɗewa ko hanawa. Ya ba sabon lambar gundumarsa ya kafe ta. Ya tabbatar saƙa ta biyu lafiyarta ƙalau. Ya jona gada ɗaya a lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya duba fabricshow da islshow da cfgshow, ya ga suwic biyu da kundi ɗaya daidai da na jiya, sannan ya ƙara gada ta biyu. Idan kuwa ya ga gada ta ware, ya zare wayar, ya koma ya binciki sabon suwic, kada ya taɓa kundin wanda ke ɗauke da aikin jama'a.